Wata Tara a Kujerar Mai Raba Karta

Ranar farko ba a ba mu karta ba. Mu tara ne a ɗakin koyo, a benen wani gidan caca da ke arewacin Ingila. Kowa aka ajiye masa ƙwandalolin wasa guda ashirin, aka ce ya ɗauke su da hannu ɗaya, ya yanka su kashi huɗu biyar-biyar, ya baje kashin ƙarshe yadda kyamarar da ke rufi za ta gani, ya sake tarawa. Haka muka wuni. Kafin la'asar yatsuna sun yi tsami. Malamar da ke koyar da mu, wata dattijuwa da ta haura shekara ashirin tana wannan aiki, ta ce mana rabon karta ko yaro zai iya, kuɗin da ke kan tebur shi ne aikin. A lokacin ban gane ba.

Na san abin da ke ran mai karatu, don haka bari in fara da shi. Ni Musulmi ne, a Tudun Wadan Zariya na tashi, kuma tun ina Islamiyya na san aya ta 90 a Suratul Ma'ida, wadda ta haɗa giya da caca ta kira su ƙazanta daga aikin Shaiɗan. Ban shiga da jahilci ba. A 2022 na gama digiri na biyu, na samu bizar shekara biyu da ake bai wa waɗanda suka kammala karatu, na yi ta aika takardun neman aiki shiru, kuɗin haya na wata biyu ya hau kaina. Gidan cacar na neman masu koyon rabo, kuma albashi na farawa tun ranar farko ta horo. Na je. Na yi wata tara na bari. Ban taɓa sa ko sisina a tebur ba, amma wannan bai wanke ni ba, ina neman gafarar Allah. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wasan poka ya shigo wayoyin ƙannenmu, suna kallon gutsattsarin bidiyo na masu kwasar miliyoyi, alhali abin da ake gani daga kujerar tsakiya daban ne.

Kafin a bar mutum ya taɓa kuɗin baƙi sai ya samu lasisin kansa daga Hukumar Kula da Caca ta Birtaniya, mai ofishi a Birmingham, bisa Dokar Caca ta 2005. An binciki ko na taɓa aikata laifi, an nemi adireshin wuraren da na zauna a baya. Kafin takardar ta fito muna ɗakin koyo. Kayan aikinmu ba su da aljihu. Duk sanda za ka tashi daga tebur, ko za ka sosa fuska, sai ka tafa hannu ka buɗe tafukanka sama da ƙasa, kyamara ta shaida ba ka ɗauki komai ba.

Sati na biyu aka kawo karta. Ka kife katuna 52 ka dama su a kan tebur kamar mai wankin shinkafa, ka tara, ka tsefe sau biyu, ka yayyanka, ka sake tsefewa, ka raba biyu a kan wani katin roba da ke rufe na ƙasa. Sannan jifa: kati ya fita daga yatsunka yana juyi, ya tsaya gaban mai shi, kada gefensa ya ɗaga har wani ya hango. Wanda ya tashi yana buga Whot a ƙofar gida zai ɗauka ya iya riƙe kati. Nan sai da na koyi komai sabo.

Nau'in da aka fi bugawa shi ne Teksas Holdem. Kowa na samun kati biyu a rufe. Ana buɗe biyar a tsakiya na kowa da kowa: uku a tashi ɗaya, sai ɗaya, sai na ƙarshe wanda suke kira kogi. Kafin kowane buɗi mai rabo na kife kati ɗaya ya ajiye gefe. Mutum na haɗa biyar mafi ƙarfi daga cikin bakwai. Tagwaye sun fi kati tilo, tagwaye biyu sun fi su, sai 'yan uku, sai jeri na lambobi biyar, sai biyar 'yan dangi ɗaya, wato masu tambari iri ɗaya, sai 'yan uku haɗe da tagwaye, sai 'yan huɗu, sai jeri cikin dangi ɗaya. Wannan a yini ɗaya muka haddace. Sauran sati huɗun duk a kan zubi suka tafi.

Akwai wani farin faifai da ke zagaya tebur, kujera ɗaya bayan kowane hannu, wato kowane rabo daga raba kati zuwa biyan wanda ya ci, yadda hannun agogo ke tafiya. Mutum biyu da ke hagun faifan su ke yin zubin dole, ƙarami da babba. Turawa na kiransa zubin makaho, domin ana yin sa kafin a ga kati. A teburin da na fi zama, fam 1 ne da fam 2. Ba don wannan zubin ba, kowa zai naɗe hannu yana jiran as biyu, tagwayen da suka fi kowane ƙarfi, wanda sau ɗaya yake zuwa cikin rabo 221, wasa ya mutu. Zagayen zubi huɗu ne. A na farko, wanda ke hagun babban zubi ke fara magana. A sauran ukun, na farko a hagun faifai da bai sauka ba shi ke farawa, mai faifai ya yi magana a ƙarshe. Idan layi ya zo kanka abu ɗaya za ka yi cikin biyar: ka wuce in ba wanda ya zuba, ka zuba, ka bi abin da aka zuba, ka ƙara, ko ka sauka ka mayar da katinka.

Sai da na tuna kasuwar shanu dokokin suka zauna mini a kai. Mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, a ƙara, a ƙara, har ya ce na sallama. Daga nan magana ta ƙare, ko wani ya zo da jaka cike. Teburin poka a kan wannan aka gina shi: abin da bakinka ya furta a lokacin da layi ke kanka ya ɗaure ka. Ka ce ka bi, ka bi ke nan, ko ka ga fuskar abokin karawarka ta canza. Kuma hannu ma baki ne. Idan ka tura ƙwandala gaba, ka yi magana.

Daga nan ne dokar tura kuɗi sau ɗaya ta fito. Ba a yarda mutum ya ajiye fam 10, ya saci kallon na gabansa, ya koma ya ɗebo wani 30 ya ce ƙari ne ba. Ko dai ya faɗi adadin da baki tun farko, ko ya tura duka a motsi ɗaya. In ya yi biyu, na farkon kaɗai ke tsayawa, ni kuma in mayar masa da sauran. Wanda bai sani ba zai ga kamar tsanani ne, amma mai yin haka leƙen asiri yake yi kyauta: da rabin kuɗi yake son sayen abin da fuskar wani za ta nuna. Haka dokar ƙwandala ɗaya. An zuba fam 6, ka jefa ƙwandalar fam 25 ba ka ce uffan ba, to ka bi ne kawai, in ba ka canjin 19. In ƙari kake nufi, buɗe baki kafin ta taɓa tebur. A watannin da na yi, babu dokar da ta fi wannan jawo mini harara.

Ƙari ma yana da ƙa'ida. A wasan da ba shi da iyaka, sama a buɗe take, kana iya tura duk abin da ke gabanka a kowane lokaci, amma ƙasa a ƙayyade take: ƙarinka ba zai gaza ƙarin da ya gabace shi ba. Babban zubi fam 2, wani ya kai shi 8, ya ƙara 6 ke nan. Mai son ƙarawa a kansa sai ya kai 14 aƙalla. Yawancin sababbi 16 suke cewa, suna ninka jimlar, mu ma haka muka yi ta kuskure. Malamar takan tsaya bayanka tana jefo lambobi ba tsayawa: biyu, bakwai, ashirin da biyu, nawa ne mafi ƙaranci? Talatin da bakwai. In ka yi jinkirin numfashi biyu ta wuce kan na kusa da kai.

Wurin da ya fi rikita ni shi ne gajeren ƙari. A ce bayan an buɗe ukun farko wani ya zuba fam 20, na biyu ya bi, na uku kuma fam 28 ne kaɗai ya rage masa, ya tura duka. Wannan 8 da ya ɗora bai kai cikakken ƙari ba, don haka bai sake buɗe ƙofa ga waɗanda suka riga suka yi magana ba. Mai zubin farko da wanda ya bi shi, ko su cika 8 ko su sauka, ba su da ikon ƙarawa. Na huɗu da layi bai zo kansa ba tukuna, shi yana iya ƙarawa, zuwa 48 ko sama. Hikimar ita ce kada mai ƙaramin kuɗi ya zama tsani, wani ya taka shi ya matse na tsakiya. Irin waɗannan ƙa'idoji da yawa wata ƙungiyar masu shirya gasar poka ce, da aka kafa a Amurka a 2001, ta tattara su wuri ɗaya, gidaje kuma kowa na ɗauka ya gyara nasa.

Sai dokar da ta fi kowace muhimmanci a wurina: abin da ke kan tebur kaɗai ke wasa. Ba a sa hannu a aljihu a tsakiyar hannu, ba a jefa makullin mota, ba a cewa a bi ni bashi. Haka kuma ba a kore ka daga hannu don wani ya fi ka kuɗi. In fam 35 gare ka, ka tura shi, kana takarar fam 35 daga kowane mutum da ya bi, ba ƙari. Abin da ya haura sai a ware shi gefe, masu sauran kuɗi su yi takararsa tsakaninsu. Wannan tarin gefe shi ne ke raba mai rabo da ɗan koyo. Sau biyu a ɗakin koyo na haɗe kuɗin wuri ɗaya kafin in ware, kuma da zarar ƙwandaloli sun cakuɗe sai an koma kyamara. Malamar ba ta yi faɗa ba. Ta ce in bar kuɗin kowa a gabansa, in fara da mafi ƙanƙanta, in ɗebi daidai shi daga kowa, in faɗi da ƙarfi su wa ke cikin wannan tari, sannan in matsa gaba. Wajen biya kuma a faro daga tarin ƙarshe a dawo na farko.

Mun taɓa nau'in Omaha kaɗan, inda kati huɗu ake ba ka kuma dole ka yi amfani da biyu cif. A can iyakar zubi ita ce girman tarin, mai rabo ne ke lissafawa da ka: zubin ƙarshe sau uku, a haɗa da sauran abin da ke tsakiya. Tari 20, an zuba 10, iyakarka 50.

Jarrabawar ta zo a ƙarshen sati na shida. Manajoji da tsofaffin masu rabo suka zauna a matsayin 'yan wasa, kowa da tarkon da ya ɗana. Ɗaya ya yi magana kafin layinsa. Ɗaya ya ɓoye manyan ƙwandaloli bayan ƙanana, alhali doka ta ce su kasance a gaba inda kowa zai gani. Wata ta nuna katinta ga na kusa da ita, na ce wanda aka nuna wa ɗaya an nuna wa kowa. Sai suka haɗa mini hannun da nake tsoro. Mutum huɗu: na farko ya tura 35 duka, na biyu 90 duka, biyun da suka rage suka bi 90. Na ɗebi 35 sau huɗu, 140, na ce wannan na ku huɗu ne. Na ɗebi 55 sau uku, 165, na ku uku. Da aka buɗe kati na huɗu ɗaya ya zuba 60 ɗayan ya bi, 120, na ku biyu. Bayan kogi, biyun da ke neman tarin ƙarshe suka buɗe katunansu a gabana, ɗaya yana cewa tagwaye biyu gare shi, ɗayan ya ce shi ya sha kaye. Na tsaya na karanta katunan da idona, domin doka ta ce kati ke magana, ba mai shi ba. Wanda ya ce ya sha kaye jeri ne da shi bai lura ba, ko ya yi kamar bai lura ba. Na tura masa. Gumi ya jiƙa mini baya, amma na ci.

Dabarun wasa ba a koya mana su ba, ba aikinmu ba ne. A tebur na gan su. Mai rabo na raba hannu kusan talatin a awa, yana ganin wa ke tashi da kuɗi wata bayan wata. Su kaɗan ne, kuma abin da suka fi yi shi ne sauka. Cikin hannu goma sukan mayar da bakwai ko takwas ba tare da sun sa komai ba. Mutum ya zauna awa guda yana shan shayi yana kallon wasu. Idan suka shiga kuma, da ƙari suke shiga, ba da bi ba, kuma sun fi shiga in faifai na gabansu ko kusa da su. Dalilin a fili yake: wanda ya yi magana a ƙarshe ya ji ta kowa kafin ya faɗi tasa. Katin da za su jefar a kujerar farko, shi za su ƙara da shi a kujerar faifai.

Abu na biyu, kowane zubi farashi ne, kuma suna auna shi kamar mai awon hatsi. Idan tari 100 ne aka zuba maka 50, za ka biya 50 don neman 150, to kana bukatar ci sau ɗaya cikin huɗu kafin ka fita ba riba ba asara. In an zuba daidai tarin, sau ɗaya cikin uku. Sai ka duba katinka. Kana da huɗu 'yan dangi ɗaya kana jiran na biyar, katuna 9 ne za su cece ka. In saura buɗi biyu, damarka kusan kashi 35 cikin 100 ce. In saura kogi kaɗai, 9 cikin 46, bai cika kashi 20 ba. Masu lambobi huɗu a jere da za su iya cika ta sama ko ta ƙasa katuna 8 suke jira. 'Yan wasa na da gajeriyar hanya: yawan katunan ceto sau huɗu in saura buɗi biyu, sau biyu in saura ɗaya. Daga nan sai kwatanci, farashi ya yi ko bai yi ba. Shi ya sa gwani mai riƙe da hannu mai ƙarfi ba ya zuba kaɗan don kada a gudu. Yakan zuba abin da zai sa mai jira ya saya da tsada.

Burga ita ce abin da bidiyo ke sayarwa. A 2003 wani akanta daga jihar Tenesi, Chris Moneymaker, ya samu kujera a babbar gasar duniya ta Las Vegas ta hanyar wasan intanet, ya doke mutum 838, ya tafi da dala miliyan 2.5. A wani hannu bayan sun rage su biyu ya tura duk kuɗinsa ba shi da komai sai sarki tilo, abokin karawarsa Sam Farha ya sauka da hannun da ya fi nasa. Wannan hannu ɗaya, a ganina, ya kwashe kuɗin mutane fiye da kowace doka, domin kowa shi yake tunawa, ba a tuna ɗaruruwan hannuwan da mutumin ya jefar kafin ya kai can. Ita ma burga lissafi ce. Ka zuba 50 a kan tarin 100, sai abokin karawa ya sauka sau ɗaya cikin uku kafin ta biya kanta. Ka zuba 100, sau ɗaya cikin biyu. Kuma tana aiki ne kawai in labarin da zubinka ya bayar tun daga farkon hannu ya yi daidai da katunan da ke tsakiya, in kuma wanda kake yi wa mai iya sauka ne. Masanin lissafi John von Neumann ya nuna tun tuni cewa burga dole ce a wasan, ba ha'inci ba ce: wanda ba ya yin ta, ranar da ya zuba kowa zai gudu. A Janairun 2017 wata manhajar kwamfuta mai suna Libratus, ta Jami'ar Carnegie Mellon, ta buga hannu 120,000 da gwanaye huɗu a Pittsburgh ta doke su, tana burga ba tare da tana da fuskar da za a karanta ba. Wanda ke wasa a waya ya tuna da wannan, domin bai san wa ke ɗaya ɓangaren ba.

Akwai hannu ɗaya da ba ya faɗuwa, shi ne nawa. A poka gida ba ya karawa da kowa, la'ada yake cira. A teburinmu kashi 10 cikin 100 ne na kowane tari, iyaka fam 5, kuma ba a cira in hannu ya ƙare kafin a buɗe ukun farko. Ni ke zare ƙwandalolin in jefa a ramin da ke damana. In ka ɗauka fam 3 a kowane hannu, sau talatin, fam 90 ke nan a awa. Mutum tara da suka zauna da fam 200 kowanne, 1,800 ke nan, in suka kwana awa takwas, 720 ya bi ramin. Ko duk ƙarfinsu ɗaya, tare za su rame. Gwanin da na ce yana tashi da kuɗi, sai ya ci na raunana har ya biya wannan kafin ya ga riba, don haka ba teburin gwanaye yake nema ba, mai rauni yake jira.

Ɗaya daga cikin waɗanda ake jira wani dattijo ne direban tasi, mai zuwa daren Juma'a bayan ya tashi aiki. Wata rana ina waje lokacin hutu ina waya da Yayana, ina ce masa aikin dare nake yi a wani otal, sai na ji an ce, "Ashe ɗana Bahaushe ne." Mutumin zangon Kumasi ne, ya fi shekara ashirin a Ingila. Na rusuna na ce, "Baba, ina wuni," na koma ciki da sauri, domin an hana mu hulɗa da baƙi.

Daren nan aka juyo da ni teburinsa. Aka zo wani hannu, tari fam 60, an buɗe kati huɗu, biyu daga ciki masu tambarin zuciya. Wani matashi cikin masu shan shayin nan ya tura fam 60 da suka rage gabansa. Dattijon ya daɗe yana murza katinsa. Sai ya ɗago ya dube ni, ya ce da Hausa, a hankali, "Ɗana, ya ka gani? In bi?"

Tebur ya yi tsit. Na ce da Turanci, da muryar aiki, Turanci kaɗai ake yi a tebur, kuma hannu ɗaya mutum ɗaya ne. Sa'an mahaifina ne. Ya kalle ni ɗan lokaci, ya tura kuɗin. Aka buɗe katuna: zuciya biyu ne a hannunsa, yana jiran ta biyar, matashin kuma tagwayen sarki. Fam 60 ya biya don neman 120, da dama ɗaya cikin biyar. In aka maimaita hannun nan sau biyar, zai ci 120 sau ɗaya ya zubar da 240, wato duk sanda ya bi kusan fam 24 yake bayarwa, ko kogi ya zo masa ko bai zo ba. Na kife kati ɗaya, na buɗe na ƙarshe. Baƙi ne. Na zare la'ada, na tura sauran gaban matashin. Dattijon ya zaro wasu takardun fam 20 daga aljihun jaket, irin waɗanda suka sha hannu, ya ce a canza masa.

Da na tashi na gaya wa mai kula da zaure cewa harshenmu ɗaya da baƙon, kamar yadda doka ta ce, aka daina sa ni teburinsa. Bayan sati biyu muka haɗu a ƙofar masallacin Juma'a, kowa na neman takalminsa. Ya ganni na gan shi. Na ce, "Baba, ka yi haƙuri da abin da ya faru ran nan." Ya ce ba komai, aiki ne. Muka taka zuwa inda ya ajiye mota, na yi masa lissafin nan da yatsu, na gaya masa akwai tsarin da ake kira SENSE, wanda mutum ke sa hannu a hana shi shiga gidajen caca na ƙasar aƙalla wata shida, da GamStop na intanet. Ya saurare ni har na gama. Ya ce, "Na ji, ɗana. To kai fa, me kake yi a can?" Ban samu amsa ba. Ya dafa kafaɗata ya ce Allah ya shirye mu, ya shiga mota.

A daren yana tebur na uku, ni ina na biyar, bayansa nake hangowa. Ƙarshen watan na miƙa takardar barin aiki, na cika sati huɗun da yarjejeniya ta ce, na samu aikin ɗaukar kaya a wani sito da albashin da bai kai wancan ba. A daren ƙarshe, wajen ƙarfe huɗu na asuba, wanda zai karɓe ni ya taɓa kafaɗata. Na ƙarasa hannun, na matsar da faifai kujera ɗaya, na tafa hannu, na buɗe tafukana sama da ƙasa, na tashi.